Wayar da Ka Sa a Aljihu

Zuwa ga mahaifina, wanda mutanen Takur suke kira Baba Mai Wuta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo gaisuwar ɗa ga mahaifi, a durƙushe kamar yadda na saba, tare da fatan rahamar Ubangiji tana sauka a makwancinka safe da yamma. Mu dai nan lafiya lau. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, jikokinka ta wajena sun kai biyar, gida kuma yana nan yadda ka bar shi, in ban da ƙofar zaure da muka sauya.

Bayan haka, Baba, shekara shida ke nan da rasuwarka ban taɓa zama na rubuta maka komai ba, addu'a kawai nake yi. Yau na zauna, ko in ce ina ƙoƙarin zama, don daga sallama zuwa nan sau uku ke nan ina tashi in zagaya tsakar gida in dawo. Kwana tara ba ni da sukuni. Abinci ba ya shiga, in na shiga aji sai in tsaya da alli a hannu na manta abin da nake koyarwa. Magana ce a kan Malam Ila mai walda, da wayar da ka sa a aljihu ranar da taransifomar layinmu ta ƙone. Ina tsaye a bayanka ranar, na gani, kuma shekara goma sha tara ina riƙe da abin a cikina. Yanzu ya fi ƙarfina. Na san waɗanda suka san ka za su karanta wannan takarda, kuma da sanin haka nake rubuta ta.

Bari in fara da abin da ya tayar da maganar. Taransifomar da aka kawo bayan waccan ita ce har yau a bakin layi, amma unguwa ta cika ta batse. Filin da kake ɗaure ragon layya yanzu benaye ne guda biyu, kowane ɗaki da na'urar sanyaya shi. Kaya ya yi wa taransifoma yawa, fiyus ya koma yankewa kamar da, ga zafin bazara, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Ranar Juma'ar makon jiya bayan an sauko daga masallaci, mai unguwa ya yi sallama da dattawa uku, na shimfiɗa musu tabarma a zaurenka. Bayan gaisuwa ya ce: "Injiniya, mun gaji da safa da marwa zuwa ofishin wuta. Ka ɗaure mana ita irin ɗaurin Baba Mai Wuta, kowa ya huta." Na yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce ni malamin makaranta ne, ba ni da hurumin taɓa kayan ofis. Da na ga ba su gamsu ba na ce abin yana da haɗari. Sai ya ce: "Haɗarin me? Mahaifinka ya ɗaura mana, wata biyu cur muna shan wuta ko ƙiftawa ba ta yi. Ba don wancan mai waldan ba, da har yau ɗaurin yana nan." Daga nan suka ɗaga hannu suka yi maka addu'a, ni ma na ɗaga nawa tare da su.

Sun ce in ba zan yi ba, akwai wani mai gyara a kasuwa da zai yi. Da ƙyar na samu suka ɗaga min ƙafa zuwa Larabar nan mai zuwa.

Abin dariya, Baba, a safiyar wannan Juma'ar ina ɗakin gwaji ina fama da ƙanin fiyus ɗinka. Ka rasu ina tsakiyar karatun ƙarshe, kana yawan tambayata wai yaushe zan gama wannan boko da ba ya ƙarewa in kama aikin da ake gani da ido. Ban taɓa yi maka bayani yadda ya kamata ba, don ina tsoron dariyarka. Yau zan yi, tunda ba za ka katse ni ba.

Ka fi ni sanin cewa kowace waya tana yi wa wuta turjiya, shi ya sa take ɗaukar zafi in kaya ya yi mata yawa. To akwai wata irin waya da ake haɗawa da wasu sinadarai, wadda in aka sanyaya ta, sanyin da ya wuce duk wanda ka taɓa ji a rayuwarka, sai ta daina turjiyar kwata-kwata. Wuta ta bi ta cikinta ba zafi, ba asara. A wurin aiki sufakondakta muke ce mata. Amma ba wannan halin ne ya sa na bi ta ba, halinta na biyu ne. In wayoyi suka haɗu a wani wuri, wuta ta taho da ƙarfin da ya wuce kima, sai wannan waya ta turje nan take, kafin ƙiftawar ido, ta shaƙe ambaliyar har makunnin kariya ya samu damar yankewa. In abin ya wuce ta huce, sai ta koma yadda take da kanta. Kamar jakin nan ne na gidan kaka a Taura, wanda in aka ɗora masa daidai sai ya yi ta tafiya, in aka ƙara buhu ɗaya ya tsaya cak, ko za a kashe shi ba zai motsa ba. Ba ta tsinkewa, ba a sauya ta, ba kuma wanda zai zo da filaya ya ɗaure ta don jama'a sun hana shi cin abinci.

Kada ka ɗauka wani katafaren wuri ne da mu. Yawancin aikin a kwamfuta muke yi, mu zana layukan wutar Dutse, mu jefa musu matsala, mu ga abin da zai faru in da na'urar da kuma in babu. Wayar kanta guntuwa ce da mu, ba ta kai kamu ɗaya ba, faɗinta kamar zaren kaset ɗin rediyonka. Wani abokin karatuna da ke ƙasar waje ne ya aiko mana da ita a ambulan. Ruwan sanyin kuwa, naitirojin, wurin wani likitan dabbobi muke roƙo, wanda yake ajiye irin bijimai a cikinsa don yi wa shanun Fulani barbarar zamani. In shanu sun rage mana mu yi gwaji, in ba su rage ba mu jira wani makon. A kular abinci muke zuba shi, irin ta biki. Kuma da janareto muke binciken yadda za a kare wutar ƙasa, don ta gwamnati ba ta taɓa zama ta ga ƙarshen gwaji ba. Na san da kana nan da ka yi dariya har hularka ta faɗi.

A ranar dai gwajin ya yi. Na ƙara wuta, na ƙara, farin tururin sanyi yana malalowa ta bakin kula, sai ruwan ya tafasa, layin da ke fuskar kwamfuta ya karye ya kwanta. Waya ta turje. Muka ɗan jira, ta dawo. Sau bakwai muna maimaitawa tana yi. Abokan aikina suna ta murna suna ɗaukar hoto, ni kuwa na koma gefe na zauna, don kai na tuna, da bazarar waccan shekarar.

Ina aji biyu a jami'a lokacin, ina gida ana dogon hutu. Zafin da aka yi ba a magana. Duwatsun garin nan su yini suna shan rana, sannan su juyo mana da ita. Fiyus yana yankewa sau uku a mako, kuma duk yankewa ƙofar gidanmu ake yi. Mai ƙanƙara ya zo, ladan ya zo saboda lasifika, mijin mai jego ya zo, masu jiran ruwan burtsatse su aiko. Ka je ofishinku na wuta a ce maka babu wayar fiyus mai lambar da ta dace a sito, ka dawo jibi. Na sha ganinka ka wanke hannu za ka ci tuwo a yi sallama, ka goge hannun ka tashi.

Wata Asabar da hantsi ka ɗauko guntun kebul a ƙarƙashin gado, ka feɗe shi, ka zaro sili uku na jan ƙarfe masu kauri ka murɗe su wuri ɗaya. Na ce maka, da rawar kai irin ta ɗan aji biyu, an koya mana cewa don ya yanke aka yi fiyus, in bai yanke ba wani abu ne zai ƙone a madadinsa. Ka kalle ni ta saman tabarau ka ce: "Malam Boko, littafin naku ya san zafin Takur? Na kwana biyu ne, kafin sito ya kawo." Ka je ka buɗe akwatin da ke gindin taransifoma ka ɗaura.

Wuta ta zauna. Ko sito ya kawo ko bai kawo ba ban sani ba, kwana biyu dai ya zama wata biyu. A watannin nan ne aka raɗa maka Baba Mai Wuta. Mata suna ta aiko da kunun aya mai sanyi, in ka fito masallaci sai an tsayar da kai sau biyar kafin ka isa gida. Ni ma na ji daɗi, kada in yi maka ƙarya. Har na fara tunanin ko littafin ne bai san zafin Takur ba.

Sai hadarin farko ya taso wata Talata bayan la'asar. Iska ta karya reshen darbejiyar bayan masallaci, ya faɗo a kan layi ya manne waya biyu. Da siririn fiyus ne, da ya yanke nan take, a yi kwana ɗaya ba wuta a wuce wurin. Naka bai yanke ba. Taransifoma ta yi ta gurnani, man cikinta ya tafasa, ta yi aman baƙin hayaƙi, sannan aka ji ƙara. A daidai lokacin Malam Ila yana ƙarasa waldar wata ƙofa a bakin shagonsa, yana sauri kafin ruwa ya sauko, kowa ya ga tartsatsinsa. Dama jama'a suna jin haushinsa, don duk sanda ya kunna injinsa sai ƙwan lantarki ya dushe a gidaje.

Kai ka fara isa, ni ina bayanka. Ruwa ya sauko, kowa ya fake. Ka naɗe hannunka da tsumma, ka buɗe akwatin, ka kwance wayar nan da ta yi baƙi ƙirin amma ba ta tsinke ba, ka jefa ta a aljihun gaban rigarka. Ka juyo muka haɗa ido. Sannan ka rufe akwatin.

Ruwa na ɗaukewa samari suka yi shagon Malam Ila da sanduna. Ina tuna yadda ka ratsa su ka tsaya a ƙofar, ka buɗe hannuwa ka ce: "Duk wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa." Suka ja da baya saboda kai. Na tsaya ina jiran sauran maganar. Wallahi na ga bakinka ya motsa. Amma abin da ya fito shi ne: "Ƙaddara ce, kowa ya tafi gida."

Wata goma sha ɗaya unguwa ba wuta. Burtsatse ya tsaya, masu niƙa suka tashi, masu ƙanƙara suka sayar da firiji. Duk wanda ya tsayar da mai garuwa sai ya tsine wa mai walda kafin ya juye ruwan. Malam Ila ya kai injinsa wani layi, labari ya riga shi zuwa, ba wanda ya yarda ya jona a kusa da shi. Matarsa ta daina shiga suna da biki. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu a ƙasar Buji. Reshen darbejiya kuwa aka sare shi aka yi girki da shi, ba wanda ya tambayi dalilin ƙunar da ke jikinsa. Kai kuma bayan shekara biyu ka yi ritaya da mutuncinka, har da walima.

Na san dalilinka, ba sai ka faɗa ba. Da ka yi magana aiki ya tafi, ga mu mu takwas a makaranta. Na ci abincin wannan shirun, da shi na gama jami'a, don haka ba ni da bakin yi maka shari'a. Amma ina jin haushinka, Baba. Ban taɓa yarda na faɗa ba ko a zuciyata sai makon nan. Ina jin haushinka ina kuma kewarka, duk a lokaci ɗaya, na rasa inda zan sa kaina.

Shekaru ina yaudarar kaina cewa binciken nan shi ne kaffarata. Wai in na taimaka aka samu na'urar da ba a ɗaure ta da filaya, to na biya. Gaskiyar magana ita ce, in na'urar ta samu, manyan tashoshi za a fara kai ta, inda in waya ɗaya ta sami matsala jihohi suke faɗawa duhu tare. Tana da tsada, tana son sanyi ba dare ba rana, sanyin kuma wuta yake ci. Ta cancanci a sha wahalarta, kuma zan ci gaba da sha. Amma ba za ta iso bakin layinmu kafin Laraba ba, wataƙila ma ba a rayuwata ba. Abin da layinmu yake bukata siririn fiyus ne mai lamba daidai, a rage wa taransifoma kaya, a datse bishiyoyi kafin iska, sannan a samu wanda zai buɗe baki ya ce ɗaurin Baba Mai Wuta ne ya ƙone ta farko.

Na yi ta juya maganar ko akwai hanyar hana su ba tare da na taɓa sunanka ba. Ranar Litinin na je gidan mai unguwa da takarda da biro, na zana masa layi, na zana taransifoma, na kawo misalin jakin Taura, na yi bayani har bakina ya bushe. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce: "Duk na ji, Injiniya, Allah ya ƙara basira. Amma tsakanin kai da mahaifinka, wa ya fi sanin wuta?" Na naɗe takardata na taho.

Ranar Alhamis na kasa shiga aji. Na tayar da mota na kama hanyar Buji ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina zan je ne kawai in ga ko yana raye, kuma Allah ya gani, wani ɓangare na zuciyata yana fatan a ce min ya rasu in huta. Ka ga irin ɗan da ka haifa. Na yi tambaya a tasha aka nuna min hanyar ƙauyen, ta cikin gonakin da ake ta shara ana jiran ruwa.

Na same shi a gindin tsamiya yana sa wa fartanya ƙota. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, ban gama faɗin ko ni wane ne ba ya kama hannuna da hannu biyu. "Ɗan Baba Mai Wuta? Ikon Allah. Kai, a kawo tabarma, a dama fura." Ya ce labarin rasuwarka bai iso shi ba sai bayan wata huɗu, ya yi kuka kamar ɗan'uwansa ne ya tafi.

Na tambaye shi sana'a. Ya ce a shekarar ya sayar da injin, bai ƙara taɓa walda ba. "Na ce hannun da ya jefa unguwa guda a duhu bai kamata ya sake riƙe ta ba." 'Ya'yansa biyu sun so su koya, ya hana su, yanzu ɗaya yana ci-rani a kudu, ɗaya yana noma tare da shi. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce: "Ba don mahaifinka ba da sun kashe ni ranar nan. Ban taɓa idar da salla ban sa shi a addu'a ba. Abin da ya tsaya min a rai, ban samu na roƙe shi gafarar wahalar da na ja masa a wurin aikinsa ba. Tunda Allah ya kawo ka, ka yafe min a madadinsa."

Baba, na tafi da shirin zagi, na tafi da shirin tsinuwa, har na yi shirin ya ce min ya sani tuntuni, kallonmu kawai yake yi. Ban yi shirin wannan ba. Mutumin nan bai ma san an zalunce shi ba. Ya yarda shi ne, ya ɗauki laifin ya rayu da shi, ya kuma ɗora wa 'ya'yansa. Ka san abin da ɗanka ya yi? Ce masa na yi: "Ba komai, Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na sha furarsa har na suɗe ludayi. Ya sa aka kama min zabuwa aka saka a mota, ya rako ni har bakin hanya yana sa min albarka. Sau biyu ina tsayawa a gefen titi kafin in iso Dutse. A ranar na san abin da ya kama bakinka a ƙofar shago, don nawa ma haka ya yi.

Tun daga nan ban ƙara zama wuri ɗaya na minti goma ba. Zabuwar tana ɗaure a bayan ɗaki, na hana a yanka, na kuma kasa kallonta. Maiɗakina ta tambaye ni sau uku ko wani abu ya faru a wurin aiki, na ce gwaji ne ya ƙi.

Jiya Asabar da hantsi na sami Inna tana tsintar wake a inuwar ɗakinta. Ita na fi tsoro a duk duniya a kan maganar nan, don sunanka shi ne abin da ya rage mata. In ta shiga gidan biki, matar Baba Mai Wuta ake ce mata a ba ta wuri mai kyau. Na zauna ɗan nesa da ita, kaina a ƙasa, na faɗa mata komai, tun daga sili uku har zuwa furar Buji. Ba ta daina tsintar ba har na gama. Sannan ta ce: "Ni na wanke rigar. Aljihun ya huje, har fatar ƙirjinsa ta tashi. Ni na shafa masa magani."

Can ta ce: "A ciwonsa na ƙarshe sau biyu yana cewa a nemo mota a kai shi Buji. Ni na hana. Na ce masa jikinsa ba zai ɗauki hanya ba. Jikin zai ɗauka, ni ce ba zan iya ɗauka ba." Ta ture farantin gefe ta goge hannu da zaninta. "Yaushe za ka koma? Ka zo ka ɗauke ni. Kai ka faɗi ta mahaifinka, ni in faɗi tawa."

Ashe ka yi niyya, Babana. Ina zaune a bakin gadonka a kwanakin nan ina maka fifita, ina ganin idonka yana bin ƙofa, na ɗauka zafin ciwo ne. Da ka ce min ni, da na goya ka na kai ka. Ko kuwa da ni ma na ce jikinka ba zai ɗauki hanya ba? Ban sani ba, kuma ba zan yi wa kaina shaidar da ban tabbatar ba. Abin da na sani shi ne tun jiya haushin ya ragu, kewar ta ƙaru. Ina son in ji ka ce min Malam Boko ko sau ɗaya ne.

Gobe Litinin in Allah ya kai mu, da an yi sallar asuba zan ɗauki Inna mu tafi. Shi zai fara ji, don shi ne mai haƙƙi. Jibi in je zauren mai unguwa in faɗa a gaban dattawan da suka yi maka addu'a, sannan in saki wannan takarda. Na san abin da zai biyo baya. Wasu za su ce ɗa ya tona asirin ubansa bayan ƙasa ta rufe masa ido. A cikin ƙannena akwai waɗanda za su daina ɗaga wayata. Wataƙila sunan nan da kake so a daina faɗinsa da daɗi a Takur, kuma ni ne sila. Ka yafe min wannan. Gara a rage maka suna a unguwa da a tashe ka da haƙƙin bawan Allahn nan a wuyanka.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata makwancinka, ya dubi tuwon da ka sha bari yana hucewa don jama'a, ya karɓi niyyar da ka ɗaura ba ka samu ka cika ba. Allah ya yafe wa Inna, ya yafe min nawa shirun, ya ba ni bakin magana gobe in na zauna a tabarmar Malam Ila. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya mayar masa da abin da muka ci nasa ta inda mu ba za mu iya ba. In ya gama jin komai zan roƙe shi ya yafe maka, sau ɗaya. In ya yafe, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ba zan matsa masa ba, ba zan kuma kai masa liman ko dagaci su sa baki ba. Zan zauna a wurin, in saurari duk abin da zai faɗa maka har ya gama. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Abba